Banda

Maharbin da ya kashe gada ana tsananin zafin bazara, gida kuma da nisa, ba ya jiran nama ya fara wari. Nan take zai yanyanka shi, ya kafa raga ta itace, ya hura wuta a ƙasa, ba mai harshe ba, mai hayaƙi. Wannan aikin shi ne banda.

Asali sunan aikin ne, sannan ya koma kan abin da aka busar, shi ya sa ake cewa naman banda. Masunta ma sun riƙe kalmar, har kifin Tafkin Chadi da ake lodi a Baga ya kai ta kasuwannin kudancin Najeriya.

Kada dai a haɗa ta da "ban da" na togiya. A baki ma karinsu daban.