Zanen sarakunan Nubiya a bangon coci: tarihinsa da halin da yake ciki

A arewacin Sudan, a gaɓar kogin Nilu, an taɓa yin wata daular Kiristoci mai suna Makuriya, wadda babban birninta shi ne Tsohuwar Dongola. Ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Musulmin Masar a shekarar 652, yarjejeniyar da ta shafe kusan shekara 600 tana aiki. Cikin abubuwan da ta bari har da zane-zanen sarakunanta a bangon wuraren ibada.

Yadda ake zana sarki

Galibi akan zana sarki a tsaye cikin kayan sarauta da kambi, Nana Maryamu ko wani mala'ika na tsaye a bayansa ya dafa kafaɗarsa. Saƙon a fili yake: mulki aro ne, sarki ma mai neman kariya ne. Masu zanen kan yi wa sarakuna da limaman cocin ƙasar baƙar fata irin tasu, su yi wa waliyyai fara. Iyayen sarakuna mata ma sun samu gurbi, domin a Nubiya ɗan 'yar'uwar sarki kan gaji sarauta.

Faras da Dongola

Mafi shahara su ne na babbar cocin Faras. Masana daga ƙasar Folan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski ne suka tono ta daga cikin yashi tsakanin 1961 da 1964, ana sauri kafin ruwan madatsar Aswan ya malale garin. An ɓamɓare zane fiye da 120 daga bango: 67 suka tafi gidan tarihi na Warso, sauran aka kai Khartum. Yau Faras na ƙarƙashin ruwa.

A 2023 kuma aka gano wasu ƙananan ɗakuna a Tsohuwar Dongola. A ɗaya an zana sarki ya sunkuya yana sumbatar hannun Annabi Isa, kamar yadda Kiristoci ke siffanta shi, Mala'ika Mika'ilu ya lulluɓe su da fukafukansa. Rubutun da ke kusa ya ambaci wani Sarki Dauda tare da roƙon Allah ya tsare birnin. Masana na danganta shi da Daudan da ya kai hari Aswan a 1275, abin da ya jawo rundunar Mamluk ta Masar ta afka wa ƙasarsa a 1276. Zuwa 1317 an mayar da ginin fadar Dongola masallaci.

A ƙasar Hausa da zangunan Gana

Bangon masallacin Hausawa bai san hoton mutum ba, saboda malamai sun hana sanya surar mai rai a wurin sallah. Sarki kan bar tarihinsa ne da ginin kansa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19, an ƙawata shi da zayyanar ƙasa da bakan gizo, ba fuskar kowa. Haka al'adar ta bi fatake zuwa Sabon Zango, Nima da Mamobi a Akara. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, adonsa rubutun Larabci ne da zanen furanni.

Barazanar yaƙi

Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, dakarun RSF sun mamaye gidan tarihi na ƙasa a Khartum, inda ake ajiye kason Sudan na zanen Faras. Da sojoji suka ƙwace wurin a Maris 2025, hukumomi sun ce an wawashe kayan tarihi masu ɗimbin yawa. Sudan gida ce ga ɗimbin Hausawa, jikokin mahajjatan da suka zauna a garuruwa irin su Mai Wurno, don haka asarar ta shafi ƙasar da su ma suke kira tasu.