Daga Ma'aji zuwa Akanta: Tarihin Aikin Lissafin Kuɗi a Arewacin Najeriya

Aikin riƙe lissafin dukiya ya girmi jami'a a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan Turawa, a fadojin sarakuna akwai Ma'aji, sarautar da sunanta ya fito daga ajiya, wanda a hannunsa ake tara kuɗin ƙasa da sauran abin da masarauta ta samu. Kuɗin wancan zamani wuri ne, wanda mai ƙirge kan zube a gabansa ya riƙa jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tara tsibi-tsibi, har zambar ashirin, wato dubu ashirin, ta cika keso guda. A fatauci kuwa, musamman na goro daga Gwanja, fatoma ne, wato maigidan da ke saukar da fatake, yake riƙe kuɗin baƙinsa, ya san wanda ya biya da wanda ake bi, wani lokaci a rubuce da ajami, sau da yawa kuma a ka. Abin da ake dubawa kafin a damƙa wa mutum wannan aiki shi ne riƙon amana da shaidar jama'a.

Zuwan Turawa ya mayar da lissafin cikin littafi. A farkon sarautar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, Baturen mulki Palmer ya tsara Baitulmali, wato taskar hukumar gargajiya da aka fi sani da En'e, inda kason sarki na haraji da jangali ke shiga, a fitar da albashin hakimai da alƙalai da dogarai bisa kasafi. Tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu, ya kuma haifar da buƙatar malamai masu iya rubuta rasit da daidaita shiga da fita. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana cikin wuraren farko da suka koya wa malaman zaure boko da lissafi domin irin wannan aiki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa suka zo da nasu akawuna, galibinsu daga Kudu da ƙasashen gaɓar teku, kuma kalmar akawu kanta daga Yarbanci Hausa ta aro ta. Wanda ya zauna gefen sikeli yana rubuta nauyin buhu da kuɗin kowane dillali ya koyi sana'ar ne a bakin aiki, ƙarƙashin wanda ya riga shi.

Koyarwa ta musamman ta fara tsayawa da ƙafarta a Kongo ta Zariya, inda cibiyar horar da akawuna da aka kafa a 1947 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sannan ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikatan baitulmali da yawa nan suka je suka ƙaro sani suka koma kujerunsu. A matakin ƙasa, Akintola Williams ya zama ɗan Najeriya na farko da ya samu shaidar ƙwararren akanta a Ingila a 1949, kuma a 1965 doka ta kafa ICAN, ƙungiyar da ke shirya jarrabawar ƙwarewa da ba da lasisin binciken asusu. Ƙungiya ta biyu, ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta samu amincewar doka a 1993, kuma kwalejinta tana Jihar Filato. Abin lura a nan shi ne, tun farko jarrabawar ƙungiya da horo a bakin aiki su ne ƙofar ƙwarewa, har ma ICAN ta buɗe matakin ƙananan ma'aikatan lissafi wanda mai takardar sakandare kan iya shiga ya hau a hankali.

A ɓangaren jami'a kuwa, rarraba digiri zuwa daraja ta ɗaya, da ta biyu babba da ƙarama, da ta uku, gado ne daga jami'o'in Ingila, kuma bai zama katanga ba sai da masu digiri suka yi wa guraben aiki yawa. Manyan bankuna da kamfanonin binciken asusu suka mayar da daraja ta biyu babba rariyar tace masu nema, domin ta rage musu tarin takardu. Wannan dabara ta sauƙaƙa wa mai ɗaukar aiki, amma ta zalunci matasa da dama, musamman waɗanda suka yi karatu suna neman abin sawa a baki, ko yajin aikin malamai ya yi ta yanke musu zango, alhali sakamakon shekara huɗu bai isa ya nuna wanda zai iya gano ɓaraka a littafin kuɗi ba.

Tsofaffin ƙofofin nan kuwa ba a rufe su ba. Mai ƙaramar daraja yana iya rajistar jarrabawar ƙwarewa, ko ya karkata ga aikin haraji, wanda shi ma yake da ƙungiyarsa ta ƙwararru, ko ya yi difloma ta gaba da digiri wadda jami'o'i ke karɓa a matsayin tsani zuwa digiri na biyu. Ƙananan hukumomi, waɗanda su ne magadan En'e tun gyaran 1976, har yanzu suna da ma'aji da sashen kuɗi, haka nan makarantu masu zaman kansu da asibitoci da ƙungiyoyin gama-kai duk suna buƙatar mai lissafi. Mafi faɗin filin kuwa yana kasuwa. A kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Dawanau da Singa ana juya miliyoyi kullum, amma a shaguna da yawa lissafin bai wuce littafin bashi mai kunnen jaki ba, wanda yaron shago ke rubutawa da biro, wani lokaci ma sai maigida ya rasu magada su rasa gane wa ake bi, wa ke bin su. Matashin da ya iya tsara wannan a kwamfuta, ya fitar da riba da faɗuwa, ya ƙididdige zakka da haraji daidai, ɗan kasuwa ba zai tambaye shi darajar digirinsa ba, sai dai ya tambayi wanda zai tsaya masa, kamar yadda ake tambaya a zamanin fatoma.