Gadon da Watson Ya Ƙi Dubawa

A shekarar 2007 aka miƙa wa James Watson, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano tsarin DNA, cikakken bayanin ƙwayoyin gadonsa. Ya amince a wallafa komai in ban da ƙwaya guda, wato APOE. Kakarsa ta yi fama da cutar Alzheimer, nau'in gigin tsufa mafi yawa a duniya, shi kuwa bai so ya san ko tana jiransa.

Tushen wannan fargaba yana 1993. A shekarar ce ayarin Allen Roses na Jami'ar Duke a Amurka ya nuna cewa a cikin nau'o'in APOE uku, wanda ake kira e4 yana ƙara haɗarin cutar. Kowa yana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Tsakanin Turawa, mai e4 guda haɗarinsa yakan ninka kusan sau uku, mai biyu kuwa kusan sau goma.

Sai dai waɗannan alƙaluma daga jinin Turawa aka samo su. Tun 1992 Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun suka soma kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indianapolis. Nau'in e4 ya yawaita a ɓangarorin biyu, amma rahoton binciken na 2001 ya nuna cewa yawan masu kamuwa da cutar duk shekara a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba. Alaƙar e4 da cutar ma ta fi rauni a Ibadan. Masu binciken sun karkata ga bambancin abinci da lafiyar jijiyoyin jini, domin aikin APOE shi ne safarar kitse a jiki.

A 2017 hukumomin Amurka suka yarda kamfanin 23andMe ya riƙa sayar da wannan gwaji kai tsaye, da yawu kawai. Duk wanda sakamako irin wannan ya zo hannunsa, ya kamata ya fara tambayar a kan waɗanne mutane aka gina lissafin. Da yawa masu e4 sun tsufa da hankalinsu garau, wasu marasa shi kuma sun kamu. Hawan jini da ciwon suga da taba su ma suna ƙara haɗarin, kuma su ana iya magance su tun yau.