Wa Ke Biyan Mai Awo? Dokokin Jihohin Amurka da Binciken Ƙirƙirarriyar Basira

Ranar 29 ga Satumba ta zo wa Sanata Scott Wiener na majalisar jihar Kalifoniya da fuska biyu. A 2024, ranar ce Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a ƙudirinsa mai lamba SB 1047. A 2025, ranar ce kuma gwamnan ya sa hannu a wani ƙudirin nasa, SB 53, ya zama doka. Duka ƙudirorin biyu kan manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke magana, irin waɗanda kamfanoni kamar OpenAI da Google da Anthropic da Meta ke ƙerawa. Amma a tsakanin na farko da na biyu wani abu ya zube a hanya: sharaɗin cewa dole wani na waje, wanda ba ma'aikacin kamfani ba, ya shigo ya duba ko abin da kamfanin ke faɗa game da amincin hajarsa gaskiya ne.

Hujjar wannan maƙala ita ce zubar da sharaɗin asara ce, amma maido da shi yadda aka rubuta shi da farko ba zai biya buƙata ba. An yi ta kai ruwa rana kan a yi bincike ko kar a yi, aka bar tambayar da ta fi nauyi a gefe, wato wa ke zaɓen mai binciken, wa ke biyansa, kuma wa ke bin sawunsa.

SB 1047 ya nufi manhajojin da horar da su ya ci sama da dala miliyan 100, da lissafin kwamfuta da ya haura lamba 1 mai sifili 26 a bayanta. Ya buƙaci kamfani ya rubuta tsarin kariya, ya tanadi hanyar kashe manhajar gaba ɗaya idan ta ɓaci, sannan daga 2026 ya riƙa ɗaukar mai bincike na waje duk shekara. Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio, waɗanda ake lissafawa cikin iyayen fannin, sun goyi baya. OpenAI da 'yar majalisar tarayya Nancy Pelosi da Farfesa Fei-Fei Li sun soke shi. Dalilin da gwamna ya bayar shi ne ƙudirin ya zuba wa girman manhaja ido kawai, alhali ƙarama ma tana iya yin ɓarna, don haka jama'a za su saki jiki a inda bai kamata ba. Ya naɗa kwamitin masana wanda Li ke cikin jagororinsa, suka fitar da rahoto a Yunin 2025, kuma a kan wannan rahoton aka ɗora SB 53.

Sabuwar dokar ta bayyana bayani ce. Babban kamfani, wato mai kuɗin shiga sama da dala miliyan 500 a shekara, zai wallafa tsarin da yake bi wajen auna haɗari da rage shi. Idan wani mummunan lamari ya faru zai sanar da ofishin agajin gaggawa na jihar cikin kwana 15, ko ya sanar da hukumar da ta dace cikin awa 24 idan rai na cikin haɗari. Ma'aikacin da ya fallasa matsala yana da kariya, kuma Antoni Janar na jihar na iya neman tarar da ta kai dala miliyan 1 kan kowane laifi. Jihar New York ma hanyar ta bi: dokarta ta RAISE, wadda 'yan majalisar jihar Alex Bores da Andrew Gounardes suka gabatar, ta fara da sharaɗin binciken waje, aka cire shi kafin majalisa ta zartar a Yunin 2025, Gwamna Kathy Hochul kuma ta sa hannu a Disamba.

Ba a raina wannan ba. Kamfanin da ya wallafa alkawari da hannunsa ya ba hukuma igiyar da za ta kama shi da ita ranar da ya saɓa. Sai dai hukuma ba za ta san an saɓa ba sai ɗayan biyu: ko kamfanin ya faɗa da bakinsa, ko wani ma'aikaci ya sadaukar da abincinsa ya tona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne. Amma mai ɗakin da ke neman mai saye ba shi ake tambaya ba.

To me ya sa ban ce a maido da sharaɗin SB 1047 kawai a huta ba? Saboda a tsarinsa kamfani ne zai zaɓi mai binciken, kamfani ne zai biya shi, kuma kamfani ne zai ga damar sake kiransa baɗi. Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihin ba mai daɗin ji ba ne. Arthur Andersen yana cikin manyan kamfanonin odita biyar na duniya lokacin da yake sa hannu a littattafan kuɗin kamfanin Enron, har Enron ya durƙushe a 2001. Kamfanonin auna ingancin bashi sun ba takardun jinginar gidaje maki mafi girma dab da rikicin kuɗi na 2008, kuma masu sayar da takardun ne ke biyansu. A Satumbar 2018 reshen kamfanin TÜV SÜD na Jamus ya ba madatsar dagwalon ma'adinai ta Brumadinho a Brazil takardar lafiya. A ranar 25 ga Janairun 2019 ta ɓalle, ta kashe mutum 270. A duk waɗannan akwai mai bincike, kuma a takarda mai zaman kansa ne. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Misalin da ya fi koyar da darasi, a ganina, daga jihar Gujarat ta Indiya ya fito, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A can doka ta daɗe tana tilasta wa masana'antu masu gurɓata muhalli su ɗauki mai bincike na waje ya auna ruwan datti da hayaƙin da suke fitarwa. Masana tattalin arziki huɗu, Esther Duflo da Michael Greenstone da Rohini Pande da Nicholas Ryan, suka haɗa kai da hukumar jihar suka yi gwaji a masana'antu 473. Da suka jera rahotannin da aka saba kawowa, sai suka ga alƙaluman sun taru cunkus a wuri guda, ƙasa kaɗan da iyakar da doka ta sa. Kamar a ce malami ya duba jarrabawar aji, makin cin nasara 40, sai ya tarar rabin ajin sun sami 41. Duk wanda ya taɓa riƙe jan biro ya san abin da ke nan.

Sai suka sauya abu uku ga rabin masana'antun. Ƙuri'a ce ke haɗa mai bincike da masana'anta. Daga asusu guda na tsakiya ake biyansa. Sannan a kusan ɗaya cikin biyar na awon da ya yi, ana tura wata tawaga ta sake aunawa a bayansa ba tare da ya san wanne za a zaɓa ba. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna rahoton ƙarya ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma masana'antun da suka fi ƙazanta sun rage gurɓatar da suke yi. Mutanen nan su ne dai masu binciken jiya, da kayan aikinsu na jiya. Hannun da ke miƙa musu kuɗi ne ya canza.

Akwai kuma darasin da ya fi kusa da gida ga Amurkawa. Birnin New York yana da doka mai lamba 144, wadda aka fara aiwatarwa a Yulin 2023, da ta ce duk mai amfani da manhaja wajen tace masu neman aiki sai an bincika ta don gano nuna bambanci, a kuma wallafa sakamakon. Masu nazari daga Jami'ar Cornell da abokan aikinsu sun duba kamfanoni 391, suka sami 18 kacal da suka wallafa. Dokar ta bar wa kamfani ya yanke wa kansa hukunci ko ta shafe shi, don haka shirun sauran ba ya ma nuna sun karya ta.

Masu adawa da tilasta bincike suna da hujja guda da ba a ture ta da sauƙi. Mai awon Gujarat ya san abin da yake aunawa: ya ɗebi ruwa a kwalba, ya kai ɗakin gwaji, ya sami lamba. Odita yana da ƙa'idojin da aka shekara da shekaru ana gyarawa. Wanda aka ce ya auna ko manhaja za ta taimaki mugu ya haɗa makamin ƙwayoyin cuta, ko ta kutsa cikin kwamfutocin tashar lantarki, ba shi da mudun da kowa ya yarda da shi. Gwajin da ya ba manhajar bara wuya, ta bana tana cinye shi kamar tuwo. Kamfanonin da kansu sun ba da rahoton cewa wasu manhajojin kan gane lokacin da ake gwada su, wanda ke nufin halin da suka nuna a ɗakin gwaji ba lallai ne shi za su nuna a waje ba. Ƙwararrun da za su iya aikin kuma ba su da yawa, kuma kamfanonin da za a bincika su ne suka fi kowa iya biyansu albashi. A irin wannan hali, in ji masu wannan ra'ayi, takardar shaida hatimi ne kawai da zai sa jama'a barci.

Na yarda da rabin maganar. Babu wanda a yau zai iya sa hannu da gaskiya ya ce wannan manhaja ba ta da haɗari. Amma an cakuɗa tambayoyi biyu. Ta farko ita ce ko manhajar amintacciya ce, kuma kimiyyar amsa ta ba ta nuna ba tukuna. Ta biyu ita ce ko kamfani ya yi abin da ya rubuta zai yi. Ya ce zai gudanar da gwaji kaza kafin fitarwa: an gudanar, a wace rana, kuma a kan manhajar da aka fitar ɗin ko a kan wata da ta gabace ta? Ya ce mutum kaɗan ne ke da mabuɗin inda aka adana manhajar: su nawa ne a rajista? Wannan aikin duba takardu ne da tambayar ma'aikata, kuma ana iya yin sa gobe da safe. SB 53 ta riga ta samar da alkawuran da za a auna, saura mai aunawa.

Ko tambaya ta farko ma ba a bar ta haka ba. Ƙungiyoyi irin su METR da Apollo Research, da cibiyar gwamnatin Birtaniya mai wannan aiki, suna gwada manhajoji kafin a sake su. Matsalar ita ce sai da yardar kamfani ake yi. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke cewa ga iya kwanakin da za a ba ku, kuma METR ta taɓa rubutawa a rahotonta cewa lokacin da ta samu gajere ne. Baƙon da ya san ana iya daina gayyatarsa yakan tauna magana kafin ya furta. Abin da doka za ta iya yi a nan, ba tare da ta yi da'awar sanin kimiyyar da babu ba, shi ne ta mai da gayyatar ta zama haƙƙi: mafi ƙarancin kwanaki, damar ganin manhajar kafin a lulluɓe ta da matakan kariya, da 'yancin wallafa abin da aka gani ko da bai yi wa mai gida daɗi ba.

Saura batun ko aikin jiha ne wannan. Kamfanoni na kukan cewa ba za su iya bin dokoki hamsin mabambanta ba, kuma kukan yana da tushe. Sai dai majalisar tarayya ba ta yi dokar da za ta maye gurbinsu ba. A Yulin 2025 majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a 99 da 1 ta cire shawarar hana jihohi yin doka kan wannan fanni. A Disamba kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya kafa tawagar lauyoyi don ƙalubalantar dokokin jihohi a kotu. Ana cikin wannan ja-in-ja ne jihohi za su yanke shawara, kuma ba sai kowace ta gina nata tsarin ba. Kalifoniya da New York sun riga sun daidaita dokokinsu kusan kan layi ɗaya. Babu abin da zai hana su haɗa rajistar masu bincike guda, da asusu guda da manyan kamfanoni za su riƙa zuba kuɗi a ciki gwargwadon girmansu, da ƙaramar tawagar da aikinta kawai ta zaɓi wasu rahotanni ta sake bin sawunsu. Kamfanonin da dokokin biyu suka shafa ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne. Gujarat ta gwada nata da masana'antu 473.