Rigimar Lefebvre da Fadar Vatikan

A shekarar 1969 Fafaroma Paul na Shida ya fito da sabon tsarin Mas, bayan babban taron Vatikan na biyu da aka kammala a 1965. Latin ya ja baya, ƙasashe suka koma harsunansu, fada ya juyo yana fuskantar jama'a. A shekarar ce kuma Roma ta buɗe ƙofar miƙa wa mutum Jibin Ubangiji a tafin hannu, maimakon a ɗora masa a harshe yana durƙushe.

Nan Marcel Lefebvre, Bafaranshe, tsohon babban bishop na Dakar, ya ja daga. Shi da mabiyansa suka ce shugabanni sun zubar da kwarjinin ibada, shi ya sa jama'a ke ƙaurace wa coci a Turai. Ya kafa ƙungiyarsa a Suwizalan a 1970. A 1988 ya naɗa bishop-bishop huɗu ba da izinin Fafaroma ba, aka kore shi daga Cocin Katolika.

A ganina hujjarsu tana ɗingishi: a Afirka, inda ya daɗe yana aiki, da sabon tsarin ne coci-coci suke cika maƙil.