Ƙwai, Kofi da Gishiri: Me Ya Sa Shawarar Masana Take Canzawa?

Sau da yawa mukan ji a rediyo ko a WhatsApp cewa wani abinci yana da illa, bayan 'yan shekaru kuma a ce yana da amfani. Wannan yakan sa waɗansu su daina sauraron likita gaba ɗaya, waɗansu kuma su hana kansu da 'ya'yansu abincin da jiki yake bukata.

Ƙwai

A shekarar 1968 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawara kada mutum ya ci gwaiduwar ƙwai fiye da uku a mako, saboda kwalastarol, wato wani irin maiƙo da yakan toshe hanyoyin jini. Babban ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 186, duka a cikin gwaiduwa. Daga baya aka gane cewa hanta ce take yin yawancin kwalastarol ɗin da ke jikinmu, kuma kitsen nama da man shanu sun fi ƙwai ɗaga shi. A 2015 gwamnatin Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga shawarwarinta. Ga yawancin masu lafiya, ƙwai ɗaya a rana ba matsala ba ne. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa. Camfin nan na cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba shi da tushe, ƙwai yana gina jikin yaro.

Kofi da shayi

A 1991 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kofi cikin abubuwan da wataƙila suke jawo kansa. A 2016 ta cire shi, domin binciken farko bai tantance sosai ba tsakanin illar kofi da ta taba, tun da da yawa daga cikin masu shan kofi a lokacin suna shan sigari. Amma ta gargaɗi masu shan abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, domin yana iya jawo kansar maƙoshi. Saboda haka a bar shayi ya ɗan huce.

Dalilan ruɗani

Ilimi yana ƙaruwa, sabon bincike yana gyara tsoho. 'Yan jarida sukan ɗauki sakamakon bincike guda su mai da shi doka. Masu sayar da kaya kuma suna tsoratar da mutane don su sayi nasu. Ban da haka, abin da ya dace da manomi mai ƙarfi ba lalle ya dace da tsoho mai hawan jini ba.

Abin da bai canza ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗanon miya. A rage sukari da lemon kwalba. A ci ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana, irin su zogale, alayyafo, gwanda da lemo.

Idan saƙo ya zo mana, mu tambaya: wa ya faɗa, kuma me yake sayarwa? Kada mu tura wa 'yan'uwa abin da ba mu tabbatar ba, kada kuma mu bar maganin asibiti saboda saƙon waya.