Yadda Majalisar Kalifoniya Ta Fara Biyan Matasa Su Koyi Aikin Doka

Kowace shekara majalisar wakilai ta jihar Kalifoniya da ke Amurka tana ɗaukar matasa 18 waɗanda suka kammala digirin farko, ta rarraba su a ofisoshin 'yan majalisa da kwamitoci har tsawon wata 11. Majalisar dattawan jihar ma tana ɗaukar wasu 18. Ana biyan su alawus duk wata, da kula da lafiya, kuma aikin da suke yi na ma'aikacin majalisa ne sosai: nazarin ƙudurorin doka, rubuta wa ɗan majalisa jawabi da taƙaitaccen bayani, sauraren masu ƙorafi. Ba bautar ƙasa ba ce irin wadda aka sani a Nijeriya, domin babu tilas a ciki, kuma ɗaruruwa ne ke nema a zaɓi kaɗan. Shirin majalisar wakilan ya fara a 1957, a 2027 zai cika shekara 70, yana kuma cikin mafi daɗewa irinsa a Amurka. Yanzu da ake ta muhawara a can kan ko ya dace a sa matashi aikin gwamnati kyauta da sunan koyo, asalinsa ya sake zama abin dubawa.

A ƙarni na 19 majalisun jihohin Amurka ba su da ma'aikatan kirki. Manoma da lauyoyi da 'yan kasuwa ne ke haɗuwa na 'yan makonni, a jihohi da yawa ma sau ɗaya cikin shekara biyu, su zartar da abin da za su zartar su koma gida. Akawu da ɗan aike da mai gadin ƙofa su ne ma'aikatan, su ma galibi ladan siyasa ne. Gyara ya zo a hankali. A 1901 Charles McCarthy ya fara ɗakin bincike na 'yan majalisa a Wisconsin, Kalifoniya ta kafa ofishin lauyan majalisa mai tsara rubutun dokoki a 1913, Kansas ta kafa majalisar bincike a 1933. A 1941 Kalifoniya ta buɗe ofishin mai nazarin kasafin kuɗi na majalisa, irinsa na farko a ƙasar. Duk waɗannan ofisoshi ne na kowa da kowa. Ɗan majalisa shi kaɗai, ko kwamitinsa, har lokacin ba shi da wanda zai karanta masa ƙuduri ya gaya masa abin da ke ƙunshe a ciki.

Wannan giɓin ne ya yi wa Kalifoniya illa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jama'a na ta kwarara cikin jihar, ana bukatar tituna da makarantu da ruwa, majalisa kuwa zamanta ƙayyadadde ne: kwana 120 a shekara ɗaya, kwana 30 na kasafin kuɗi a shekara mai bi mata. Wanda ba shi da mai yi masa bincike dole ya karɓi bayani daga inda ya samu, wuraren kuma biyu ne, ofishin gwamna da 'yan kamun ƙafa na kamfanoni. Shahararre a cikin 'yan kamun ƙafar shi ne Artie Samish, wakilin masu sana'ar giya da wasu manyan 'yan kasuwa. A 1949 mujallar Collier's ta buga hotonsa da 'yar tsana a kan gwiwarsa, yana nuna ita ce majalisar, ya kuma yi alfaharin cewa shi ne gwamnan majalisa. Abin ya zama abin kunya ga jihar baki ɗaya. A 1953 aka same shi da laifin ƙin biyan haraji, aka ɗaure shi. Tafiyarsa ba ta kawar da matsalar ba, domin ƙarfin Samish bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba: shi ya san abin da ke cikin ƙudurori, 'yan majalisar da dama ba su sani ba.

A daidai lokacin malaman kimiyyar siyasa suna neman hanyar fitar da ɗalibansu daga aji. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta fara tura matasan malamai da 'yan jarida majalisar tarayya a Washington a 1953. Gidauniyar Ford, wadda a shekarun 1950 ta fi kowace gidauniya kuɗi a Amurka, ta ga amfanin kai wannan dabara jihohi. Da tallafinta, da haɗin gwiwar wasu jami'o'in jihar, majalisar wakilan Kalifoniya ta karɓi rukunin farko na masu horo a 1957. Wasu jihohi suka bi sahu da kuɗin gidauniyar. Illinois ta fara nata a 1961 ƙarƙashin kulawar Samuel Gove na Jami'ar Illinois, Ohio ta fara a 1963.

An fi danganta shirin Kalifoniya da Jesse Unruh, kuma dalilin a fili yake, tun da sunansa aka raɗa wa shirin bayan rasuwarsa a 1987. Sai dai shekarun ba su goyi bayan wannan ba. A 1957 Unruh ɗan majalisa ne da bai daɗe da shiga ba, jam'iyyarsa ta Democrat ba ta da rinjaye, kakakin kuwa Luther Lincoln ne na Republican. Sai a 1961 Unruh ya zama kakaki, lokacin shirin ya riga ya yaye rukuni da dama. Wasu kuma na cewa aikin Gidauniyar Ford ne kawai, wato kuɗin waje ya sayi gyara. Wannan ya bayyana yadda aka fara, bai bayyana yadda aka ɗore ba. Tallafin gidauniya na wa'adi ne, kuma shirye-shirye nawa ne suka mutu ranar da mai ba da tallafi ya rufe jakarsa? Abin da ya raya wannan shi ne majalisar da kanta ta ɗauki nauyin biya. Ba don tausayin ɗalibai ta yi haka ba. Ta gano cewa da kuɗi kaɗan tana samun masu ilimi da za su yi mata aikin da a da 'yan kamun ƙafa ke yi mata da wata manufa. Yunwar ma'aikata ce ta riƙe shirin, jami'a da gidauniya sun dai zo a kan gaɓa.

Rawar da Unruh ya taka ta wani fanni ce, kuma babba ce. Ya yi imani cewa majalisar da ba ta da nata masana ba za ta iya ja da gwamna ba, ko da gwamnan ɗan jam'iyyarsa ne kamar Pat Brown, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna. A shekarun da ya yi yana kakaki, daga 1961 zuwa 1969, ya cika kwamitoci da ƙwararrun ma'aikata, ya samar wa 'yan majalisa mataimaka. A 1966 masu zaɓe suka amince da ƙuri'ar raba gardama mai lamba 1A, wadda ta mai da majalisar ta cikakken lokaci, albashin ɗan majalisa ya tashi daga dala 6,000 zuwa 16,000 a shekara. Kafin nan kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Reynolds da Sims ta 1964, ta wajabta raba mazaɓu bisa yawan jama'a. Hukuncin ya girgiza majalisar dattawan Kalifoniya, inda gundumar Los Angeles mai mutum miliyan shida take da sanata ɗaya tak, daidai da wasu ƙananan gundumomin karkara da jama'arsu ba ta kai dubu 15 ba. Sababbin 'yan majalisa daga birane suka shigo, ayyuka suka ƙaru, kujerun ma'aikata suka buɗe. Matashin da ya gama horo a 1958 sau da yawa jami'a zai koma, na 1968 kuwa aiki na jiransa a ginin da ya yi horon. Abin da Unruh ya ba shirin ke nan, ƙofar da ake fita ta cikinta zuwa aiki. A 1971 wani bincike na ƙasa kan majalisun jihohi 50 ya sa ta Kalifoniya a matsayi na ɗaya.

Cikin waɗanda suka bi ta irin wannan hanya akwai Rose Bird, wadda ta yi horo a majalisar Kalifoniya kafin ta karanta lauya, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci kotun ƙolin jihar a 1977. A Illinois, Jim Edgar ya fara a 1968 a ofishin jagoran majalisar dattawa W. Russell Arrington, ya zama gwamna daga 1991 zuwa 1999. Masu tallata shirin na son jero irin waɗannan sunaye, amma mafi yawan amfaninsa yana wajen waɗanda ba a san sunansu ba, ma'aikatan kwamitoci da suka shekara ashirin suna bin dokar ruwa ko ta ilimi.

Majalisar dattawan Kalifoniya ta kafa nata shirin a 1973. Na ɓangaren zartarwa ya biyo baya a 1986, na kotuna a 1997. Dukansu huɗu yanzu Cibiyar Nazarin Kalifoniya ta Jami'ar Jiha da ke Sacramento ce ke tafiyar da su tare da ɓangarorin gwamnatin. Ba a ware wani fannin karatu ba, mai digirin injiniya da mai na adabi duk suna iya nema. Ana farawa da makonnin fahimtar da aiki, sannan ofisoshi su gana da matasan a daidaita wa zai je ina, kuma duk mako akwai darasi na matakin digiri na biyu.

Shekarar 1990 ta sake canza lissafin. Ƙuri'ar raba gardama mai lamba 140 ta ƙayyade wa ɗan majalisar wakilai shekara 6, sanata shekara 8, ta kuma zaftare kasafin majalisar da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ɗaruruwan ma'aikata suka tafi, da yawansu tsofaffin hannu. An yi dokar ne don karya 'yan siyasar da suka kafe a kujera, amma ta mai da majalisar kusa da halin da take ciki zamanin Samish, inda ɗan kamun ƙafa ya fi ɗan majalisa daɗewa da sanin kan aiki. A irin wannan ofis matashi mai horo na iya tsintar kansa riƙe da ƙuduri tun daga rubutu har zauren majalisa. Ga mai koyo dama ce, ga majalisa kuwa alama ce ta ƙarancin gogaggu, wanda horon wata 11 ba ya maye gurbinsu. A 2012 aka sassauta, aka ba ɗan majalisa shekara 12 jimilla, ko da a zaure ɗaya zai yi su.

Batun biya shi ne inda Kalifoniya ta daɗe da shan gaban gwamnatin tarayya. Horon da babu ko sisi ɗan mai hali kaɗai ke iya yin sa, tun da sai an ci an biya haya a babban birni. A 2018 majalisar tarayya ta ware kuɗi na musamman don biyan masu horo a ofisoshin 'yan majalisa, fadar White House kuma ta fara biyan nata a 2022. Alawus ɗin masu horo a Sacramento, wanda a farkon shekarun 2020 ya kai kimanin dala 3,000 a wata, bai wuce haya da abinci da nisa ba a birnin, ga kuma bashin karatu da yawancinsu ke ɗauke da shi, ko da yake ana iya jinkirta biyansa lokacin horon. Ƙorafi kan albashi da tsawon lokacin aiki ya game ma'aikatan majalisar baki ɗaya, har a 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar da ta ba su damar kafa ƙungiyar ƙwadago daga watan Yulin 2026.